Ruwan Ƙarfe Biyun Dare

Ƙarfe biyun dare famfon unguwarmu ya yi tari,
ya tofar da iska, sannan ya saki ruwa.
Kwana huɗu ke nan Garin Malam ba ta ji muryarsa ba.
Na ji Inna tana laluben takalmanta,
na ji jarkoki suna gware a zaure,
ni kuwa ina kwance, tikitin Agadas ƙarƙashin matashi,
har ya yi laushi don yawan buɗewa da ninkewa.

Ban gaya mata ba.
Babur ɗin kabu-kabuna na ce yana wurin gyara,
alhali tun ranar Alhamis kuɗinsa ke ɗinke cikin ƙugun wandona.

Tsahiru na aiko murya daga Sabha:
"Taho, Mutari, nan ko siminti ka ɗauka wata guda
ka wuce malamin lakkwal."
Hotonsa kullum jingine da motar wani,
ya yi haske, ya yi kumatu,
amma shekara biyu ke nan
ban ga hannunsa na hagu a hoto ba.

Shi ko Kiyari ya dawo da ƙafafunsa duka biyu.
Yana teburin mai shayi, bakin Kasuwar Dole,
ba ya gardamar ƙwallo, ba ya gardamar komai.
In aka miƙa masa ruwa sai ya kurɓi rabi,
ya rufe kofin da tafin hannu,
ya dubi hagu, ya dubi dama.
Su goma sha tara suka hau mota a Dirku.
Ban taɓa tambayarsa su nawa suka sauka ba.

Takardar lisans ɗina na ƙasan akwati.
Ofis bakwai na kai ta, kowa ya ce in dawo bayan salla.
Gara kaɗai ta karanta ta har ƙarshe,
ta ma cinye sa hannun shugaban jami'a.

Marigayi Baba kan nuna mini duwatsun Birni,
ya ce, "Dubi waɗannan, ba su taɓa zuwa ko Mirriya ba,
kuma ba su roƙi kowa ba."
Baba, dutse ba ya sayen maganin hawan jini.
An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.
To wanda ya zauna fa,
gida na gaigayarsa kamar ɓera da buhun gero,
shi wane karin magana aka yi masa?

Amma in na tafi,
wa zai tashi ƙarfe biyun dare in bayanta ya ƙi miƙewa?
Wa zai san sai an sa mata sukari biyu, a ce mata ɗaya ne?

Da zakaran farko na fito, jaka a hammata, takalmi a hannu.
Sai ga ta zaune a zaure da tocila a baki,
tana ɗinke buhun algarara jikin jarka mai lita ashirin,
irin yadda masu ƙetare rairayi ke yi
don kada rana ta dafa ruwan.
Ta rubuta sunana a kai da tawadar allo,
da ajami, don ba ta san boko ba.
Tawadar ta zuba, wasalin ƙarshe ya yi jela.

Ba ta dube ni ba.
Ta ciji zare, ta ce,
"Na cika ta tun da ƙarfin famfon.
In ka tafi, ka sha.
In ka zauna, mu sha.
Ruwa dai ba ya asara a Damagaram."

Can tasha an fara danna ham.
Na ɗaga jarkar, ta fi yadda na zata nauyi.
Zauren namu ƙofa biyu gare shi,
ɗaya titi, ɗaya tsakar gida,
ruwan kuma sai kaɗawa yake a kafaɗata,
bai daina ba har ladan ya gama kira.